Dala miliyan 130, daliget huɗu: yanda ɗan lelen jam'iyya ya sha ƙasa a zaɓen fidda gwanin Amurka na 2016

Wanda ake maganar sa

Mutumin nan Jeb Bush ne, amma ba zan riƙa kiran sunan sa ba, dan shi ma da kan sa da ya tashi buga fosta cire sunan gidan su ya yi, ya bar sunan da ake kiran sa da shi kawai da alamar motsin rai a gaba. Zan riƙa ce masa Gwamna. Ya mulki jihar Florida zango biyu, 1999 zuwa 2007. Baban sa ya yi shugaban Amurka daga 1989 zuwa 1993, yayan sa ya yi daga 2001 zuwa 2009, kakan sa ma sanata ne. Matar sa 'yar ƙasar Meziko ce kuma yana jin Sifaniyanci irin jin da mu za mu ce kamar jakin Kano, abun da ake ganin babban jari ne tunda jam'iyyar su ta Republican ta daɗe tana fama da rashin ƙuri'un 'yan Latin Amurka.

Kafin a shiga labarin gara a fahimci yanda suke nasu zaɓen, dan ya sha bamban da namu. A nan daliget ne ke taruwa a Abuja cikin dare ɗaya su fidda gwani, kuma kowa ya san wanda ke riƙe da daliget. Su a can talakawan jam'iyya ne ke fita su kaɗa ƙuri'a jiha bayan jiha wata da watanni, ana farawa da Iowa, sai New Hampshire, sai South Carolina, kuma sakamakon kowace jiha shi ke raba daliget ɗin ta. A 2016 wanda ya tara 1,237 shi ke da tikiti. Toh amma duk da haka an saba manyan jam'iyya su ke nuna hanya: masu kuɗi da gwamnoni da sanatoci su taru bayan mutum ɗaya tun kafin a fara, jama'a su ɗan yi tirjiya sannan su bi. Haka aka yi da Bob Dole a 1996, da yayan Gwamna a 2000, da John McCain a 2008, da Mitt Romney a 2012.

2009 zuwa 2014: hayaƙin da ya riga wuta

Tun 2009 aka samu wata guguwa a cikin jam'iyyar da ake kira Tea Party, mutanen da ke jin haushin Obama amma kuma suna jin haushin nasu shugabannin, suna cewa ana zaɓen su dan su je Washington su yi faɗa sai su je su yi sulhu. Bayan Romney ya faɗi a 2012, uwar jam'iyya ta fitar da rahoto a watan Maris 2013 kan dalilin faɗuwar, kuma cikin shawarwarin ta har da cewa a rungumi gyaran dokar baƙin haure dan a janyo 'yan Latin. Masu kuɗin jam'iyya sun ji daɗin rahoton. Talakawan ta da yawa ba su ji ba.

Ranar 10 ga Yuni 2014 abun ya fito fili. Eric Cantor, mutum na biyu a shugabancin majalisar wakilai, ya sha kaye a zaɓen fidda gwani na mazaɓar sa a Virginia a hannun wani malamin kwaleji mai suna Dave Brat da kusan babu wanda ya san shi, kuma maganar baƙin haure na cikin abun da aka yi masa kamfen da shi. Wata biyu kafin nan Gwamna ya ce da yawa daga masu shigowa Amurka ba bisa ƙa'ida ba soyayyar iyalan su ce ke kawo su. A watan Disamba na shekarar kuma ya faɗa wa taron manyan 'yan kasuwa cewa ɗan takara na gari dole ya yarda ya faɗi zaɓen fidda gwani in dai hakan zai sa ya ci babban zaɓe, ma'ana shi ba zai canja baki dan ya faranta wa masu zafin ra'ayi ba. Mahaifiyar sa ma tun Afrilu 2013 an tambaye ta a talabijin ko ɗan nata zai tsaya, ta ce 'yan gidan su da suka yi mulki sun isa haka nan.

Disamba 2014 zuwa Yuni 2015: tara kuɗi

Ranar 16 ga Disamba 2014 ya rubuta a Facebook cewa yana duba yiwuwar tsayawa. Bai ce ya tsaya ba, kuma da gangan ne. Tun bayan hukuncin kotun ƙoli na 2010 da ake kira Citizens United aka samu wasu ƙungiyoyin tara kuɗi da ake ce wa super PAC, waɗanda za su iya karɓar ko nawa ne daga mutum ɗaya, sharaɗin kawai kada su haɗa baki da ɗan takara. Shi kuwa kamfen ɗin ɗan takara iyakar abun da mutum zai ba shi a lokacin dala 2,700 ne a zaɓe ɗaya. Toh sai Gwamna ya yi wata shida yana yawo wajen attajirai yana tara wa ƙungiyar sa mai suna Right to Rise kuɗi, tunda a doka dai shi ba ɗan takara ba ne tukunna.

Dabarar ita ce a tara kuɗin da zai tsorata duk wani mai sha'awa daga cikin 'yan gida. Ta yi aiki a kan mutum ɗaya: ranar 30 ga Janairu 2015 Romney, da ya fara tunanin sake gwadawa karo na uku, ya ce ya haƙura. Zuwa ƙarshen Yuni ƙungiyar ta tara dala miliyan 103, wanda a canjin gwamnati na lokacin, wajen naira 197, ya haura naira biliyan 20, kamfen ɗin sa kuma ya ƙara miliyan 11 da ɗoriya cikin sati biyu na farko. Amma ban da Romney babu wanda ya ji tsoro. Marco Rubio, sanatan Florida wanda kowa ke kallo a matsayin yaron Gwamna a siyasa, ya fito tun Afrilu. Scott Walker gwamnan Wisconsin, Chris Christie na New Jersey, John Kasich na Ohio, Rick Perry tsohon gwamnan Texas, duk suka fito, har aka kai manyan 'yan takara 17, da yawan su kowa da attajirin da ke riƙe da shi.

A watan Mayu aka samu tuntuɓe na farko. Megyn Kelly ta gidan talabijin na Fox News ta tambaye shi, da abun da aka sani yanzu, shin zai ba da umarnin mamaye Iraƙi kamar yanda yayan sa ya yi a 2003? Ya ce eh. Kashegari ya ce bai fahimci tambayar ba ne, sannan ya ce ba zai amsa tambayar "da a ce" ba dan girmama sojojin da suka mutu, sai ranar 14 ga Mayu ya ce a'a da bai shiga ba. Kwana huɗu kenan a kan tambayar da ko ɗan firamare ya san za a yi masa.

Ya ƙaddamar da takara ranar 15 ga Yuni 2015 a wata kwaleji a Miami, yana alkawarin bunƙasar tattalin arziki da kashi 4 cikin ɗari a shekara. A lokacin shi ne kan gaba a yawancin ƙuri'un jin ra'ayi, amma ba da wani rinjaye ba, kashi goma sha wani abu ne.

Yuni zuwa Satumba 2015: wanda ba a lissafa da shi ba

Washegari, 16 ga Yuni, Donald Trump ya sauko daga benen sa a New York ya ce shi ma yana ciki, ya ce Meziko na turo masu laifi da masu fyaɗe, ya ce zai gina katanga a kan iyaka. Jiga-jigan jam'iyya suka ɗauka wasan yara ne. Kafin ƙarshen Yuli ya wuce Gwamna a ƙuri'un jin ra'ayi, kuma ban da ɗan lokacin da likita Ben Carson ya kamo shi wajen Oktoba da farkon Nuwamba, bai sake sauka ba.

Muhawarar farko an yi ta ranar 6 ga Agusta a Cleveland, mutum miliyan 24 suka kalla. Tambayar farko aka ce duk wanda ba zai yi alkawarin mara wa wanda ya ci tikiti baya ba ya ɗaga hannu, Trump kaɗai ya ɗaga. Maganin da uwar jam'iyya ta kawo shi ne takardar rantsuwar biyayya, shugaban ta Reince Priebus ya kai wa Trump har ofis ya sa hannu ranar 3 ga Satumba. Takardar dai ta ɗaure kowa, har da Gwamna, cewa za su bi duk wanda ya ci.

A cikin Agustan ne Trump ya laƙaba masa cewa shi mutum ne mara kuzari, sanyi-sanyi kamar kazar da ƙwai ya fashe wa a ciki in mu ne za mu faɗa, kuma laƙabin ya zauna daram dan duk wanda ya kalli Gwamna a muhawara yana gyara tabarau yana bayanin haraji sai ya ga kamar akwai ƙamshin gaskiya. Da ya amsa wa 'yan jarida da Sifaniyanci, Trump ya ce ya kamata ya riƙa yin Turanci tunda a Amurka yake. Shi kuwa Mike Murphy da ke jagorantar Right to Rise ya faɗa wa jarida cewa Trump matsalar wasu ce ba tasu ba. Lissafin su shi ne akwai layi biyu, layin masu bore da layin 'yan gida, su bari Trump da sanatan Texas Ted Cruz da Carson su cinye juna a can, su kuma su share nasu layin, a haɗu a ƙarshe mutum biyu.

Perry ya fita ranar 11 ga Satumba. Walker, wanda a farkon shekara shi ke kan gaba a Iowa, ya fita ranar 21 ga wata kuɗin kamfen sun ƙare, kuma da zai tafi ya roƙi sauran su ma su janye dan a samu mutum ƙalilan da za su tunkari na gaba-gaban. Babu wanda ya amsa masa. Kwana huɗu bayan haka kakakin majalisar wakilai John Boehner ya sanar da zai ajiye muƙami saboda matsin 'yan boren jam'iyyar sa.

Oktoba 2015 zuwa Janairu 2016: magungunan da aka gwada

Na farko tsuke bakin aljihu. Kuɗin suna wajen super PAC, ita kuma doka ba ta yarda ta biya ma'aikatan kamfen ba, dan haka ranar 23 ga Oktoba mutumin da ya fi kowa tara kuɗi ya zabtare kashi 40 cikin ɗari na kuɗin albashi, aka kwashe ma'aikata daga hedikwatar Miami aka tura jihohin farko.

Na biyu kai wa Rubio hari. A muhawarar 28 ga Oktoba a Colorado, Gwamna ya juya ya ce wa tsohon yaron nasa yana tsallake zaman majalisa, ko dai ya riƙa zuwa aiki ko ya ajiye kujerar. Rubio da alama ya san zancen na tafe, ya ce masa ai ka goyi bayan McCain shi ma ya tsallake zama ba ka ce komai ba, yanzu ma wani ne ya zuga ka cewa zagi na zai taimake ka. Aka tafa wa Rubio. Daga ranar wasu masu ba da kuɗi suka fara leƙen gidan Rubio, ita kuma Right to Rise ta juya bakin bindigar ta kan sa, ta kashe miliyoyin daloli a tallan ɓata shi, ta taɓa Kasich da Christie su ma.

Na uku sabon take. Farkon Nuwamba aka fito da cewa shi ne mai gyara, aka ɗauko masa mai koya masa magana a gaban kyamara. Ƙuri'ar jin ra'ayi ba ta motsa ba.

Na huɗu, a ƙarshe dai, tunkarar Trump ido da ido. Ranar 7 ga Disamba, kwana biyar bayan harin ta'addancin da aka kai garin San Bernardino na jihar California, Trump ya yi kira da a hana Musulmi shiga Amurka gaba ɗaya, maganar da mu ma nan ta iso mu a rediyo kowa ya ji ta. Gwamna na cikin waɗanda suka fito ƙarara suka ce mutumin nan ya zautu. A muhawarar Las Vegas ranar 15 ga Disamba ya kira shi ɗan takarar hargitsi, ya ce ba za ka zagi mutane har ka kai fadar shugaban ƙasa ba. Trump ya ce masa ni ina da kashi 42 a ƙuri'ar jin ra'ayi kai kana da 3, ya ƙara da cewa da can a tsakiya kake tsayawa kusa da ni, ga shi kana ta matsawa gefe, saura kaɗan ka faɗo daga dandamalin. (A muhawarar su ana jera mutane ne bisa ƙarfin su a ƙuri'ar jin ra'ayi, na gaba a tsakiya.)

Su kan su dattawan jam'iyyar a Janairu ba su ma yarda kan waye abokin gabar ba. Mujallar National Review ta fitar da bugu guda na yaƙar Trump, amma Bob Dole ya ce Cruz ya fi Trump haɗari ga jam'iyya, gwamnan Iowa Terry Branstad shi ma Cruz ya ce a kayar. Sanata Lindsey Graham na South Carolina, bayan ya janye tasa takarar, ya mara wa Gwamna baya ranar 15 ga Janairu.

Fabrairu 2016: kwana ashirin

Iowa, 1 ga Fabrairu. Cruz kashi 27.6, Trump 24.3, Rubio 23.1. Gwamna ya zo na shida da kashi 2.8, ƙuri'a dubu biyar da ɗari biyu da 'yan kai, daliget ɗaya. 'Yan jarida suka raba kuɗin tallan da aka kashe masa a jihar da yawan ƙuri'un, ya kama wajen dala 2,800 kan kowace ƙuri'a.

Washegari a garin Hanover na New Hampshire ya gama wani bayani mai zafi kan irin shugaban da ƙasar ke buƙata, zauren ya yi tsit, sai ya ce musu dan Allah ku tafa mana. Wasa ya yi kuma mutanen sun yi dariya sun tafa, amma bidiyon na 'yan daƙiƙoƙi shi ya zagaye intanet. Aka ɗauko mahaifiyar sa mai shekara 90 tana tura keken dogarawar ta cikin ƙanƙara tana roƙa masa ƙuri'a.

Bayan Iowa kamar an samu mafita, dan Rubio ya taso kuma manya sun fara karkata gare shi. Sai ranar 6 ga Fabrairu Christie ya tsare shi a muhawara ya ce haddace magana kawai yake yi, Rubio kuma ya rikice ya maimaita jimla ɗaya kan Obama har sau huɗu a daren. Sakamakon New Hampshire ranar 9 ga wata: Trump kashi 35, Kasich kusan 16, Cruz kusan 12, Gwamna 11, Rubio 10 da rabi, Christie 7 da ɗoriya. In ka haɗa na Kasich da Gwamna da Rubio da Christie ya kai wajen 45. Christie ya fita washegari, sauran ukun kowa ya ce ya ga alamar nasara ya wuce South Carolina.

South Carolina ita ce gidan rufin asirin zuri'ar su, nan baban sa ya ci a 1988, nan yayan sa ya farfaɗo a 2000 bayan McCain ya doke shi a New Hampshire, jiha ce mai sansanonin soja da tsofaffin sojoji. A muhawarar Greenville ranar 13 ga Fabrairu Trump ya tsaya a gaban su ya ce yaƙin Iraƙi babban kuskure ne, an yi ƙarya kan makaman ƙare dangi, kuma a zamanin yayan ka aka rushe tagwayen benayen New York. Zauren ya yi masa ihu, Gwamna ya ce ya gaji da zagin iyalin sa, masu sharhi da yawa suka ce yau kam Trump ya taro match. Ranar 15 ga wata yayan nasa, da ya daɗe rabon sa da dandalin kamfen, ya zo North Charleston ya yi masa gangami. Ranar 17 gwamnar jihar Nikki Haley ta ɗaga hannun Rubio.

Ranar 20 ga Fabrairu: Trump 32.5, Rubio 22.5, Cruz 22.3, Gwamna 7.8, Kasich 7.6. Da ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na ƙuri'u Trump ya kwashe duka daliget 50 na jihar. A daren Gwamna ya janye da daliget huɗu, bayan an kashe kimanin dala miliyan 130 tsakanin kamfen ɗin sa da super PAC ɗin sa.

Maris zuwa Mayu 2016: bayan tafiyar sa

Ranar 26 ga Fabrairu Christie ya koma bayan Trump. Ranar 1 ga Maris aka yi zaɓe a jihohi 11, Trump ya ci bakwai, Cruz uku, Rubio ɗaya wato Minnesota. Ranar 3 Romney ya yi jawabi a Utah ya kira Trump mayaudari, amma bai ɗaga hannun kowa ba, cewa ya yi a zaɓi Rubio a Florida, Kasich a Ohio, Cruz inda yake da ƙarfi, dan a hana Trump kaiwa 1,237 a je babban taro a sasanta. Ranar 15 ga Maris Trump ya doke Rubio a jihar sa ta Florida 46 da 27 ya kwashe daliget 99, Rubio ya fita, Kasich ya ci Ohio ita kaɗai ce jihar da ya ci.

Daga nan 'yan gida ba su da ɗan takara sai Cruz, mutumin da ya taɓa kiran shugaban sanatocin su Mitch McConnell maƙaryaci a zauren majalisa. Gwamna ya mara masa baya ranar 23 ga Maris, Graham ma ya riga ya mara masa duk da a baya ya ce zaɓi tsakanin Trump da Cruz kamar zaɓi ne tsakanin harbi da guba. Cruz ya ci Wisconsin ranar 5 ga Afrilu. Ranar 24 ga wata Cruz da Kasich suka sanar da yarjejeniya, Kasich ya bar Indiana, Cruz ya bar Oregon da New Mexico, amma tun washegari Kasich ya ce shi bai ce wa masoyan sa na Indiana kada su zaɓe shi ba. Ranar 3 ga Mayu Trump ya ci Indiana da kashi 53, Cruz ya fita a daren, Kasich washegari. Trump ya gama da ƙuri'a wajen miliyan 14, kimanin kashi 45 na duk waɗanda aka kaɗa.

Inda irin wannan ta yi aiki

Shekara huɗu bayan haka jam'iyyar Democrat ta shiga kusan irin halin. Joe Biden, ɗan gida, ya zo na huɗu a Iowa, na biyar a New Hampshire, Bernie Sanders yana gaba, masu sassaucin ra'ayi sun rarrabu. Ranar 26 ga Fabrairu 2020 ɗan majalisa Jim Clyburn, wanda baƙaƙen fatar South Carolina ke jin maganar sa, ya ɗaga hannun Biden, ranar 29 Biden ya ci jihar da kashi 48 da ɗoriya. Ranar 1 ga Maris Pete Buttigieg ya janye, ranar 2 Amy Klobuchar ta janye, duk suka mara masa baya, ranar 3 ya ci jihohi 10 cikin 14. Mu ma mun ga mai kama da ita a taron PDP na Mayu 2022, da Tambuwal ya hau mumbari ya ce daliget ɗin sa su zaɓi Atiku, aka tashi Atiku 371, Wike 237, sai dai can umarni ne ga daliget 'yan ɗaruruwa a zaure ɗaya, na Biden kuwa sai da miliyoyin mutane suka yarda da kan su.

Yanda na ga abun

Mutane sun fi son su ce laifin sanyin Gwamna ne, kuma gaskiya bai iya dandamali ba, shekara goma sha uku rabon sa da tsayawa zaɓe tun 2002 kuma siyasar ta canja a bayan sa. Amma Walker da Christie da Rubio da Kasich ba masu sanyi ba ne kuma duk ramin ɗaya suka faɗa, dan haka ni ban tsaya a kan halin sa ba.

Abun da na fi ɗora wa laifi shi ne kuɗin nan da aka ɗauka su ne ƙarfin sa. Da can in ɗan takara ya zo na shida a Iowa masu ba shi kuɗi ke kashe waya, dole ya tattara ya koma gida, ta haka layin ke raguwa da kan sa. Shi kuwa an riga an tara masa miliyan ɗari tun kafin a kaɗa ƙuri'a ko ɗaya, babu wanda zai iya kashe masa famfo, sai ya zauna har South Carolina yana riƙe da kashi 8 zuwa 11 da wani ɗan gidan ke buƙata, kuɗin kuma aka ƙarar da babban kaso a kan Rubio, wanda shi ne kaɗai a layin nasu da ya nuna zai iya haɗa mutane. Kuma babu wani uban gida a jam'iyyar da zai kira mutum huɗu ɗaki ya ce wane kai za ka tsaya, ku ukun ku haƙura. Priebus alƙalin wasa ne kawai, tsofaffin shugabannin ƙasa biyu da ke raye a jam'iyyar kuma uba ne da wa ga ɗaya daga cikin masu rigimar.

Dokokin ma da suka gyara bayan 2012, aka rage muhawarori aka matse jadawali dan ɗan gida ya gama da wuri kada a ja shi a ƙasa kamar Romney, sun yi aikin su daidai, sai dai wanda ke gaba a lokacin Trump ne. Talla kuma ta rage daraja: wani ƙiyasi da jaridar New York Times ta buga a Maris 2016 ya nuna an kashe wa Gwamna dala miliyan 82 a talla, Trump miliyan 10, amma lokacin da kafafen labarai suka ba Trump kyauta ya kai darajar kusan dala biliyan 2.

Sai dai ba zan rantse cewa da sun haɗe tun Janairu da sun ci ba, kuma a nan nake rabuwa da masu lissafin 45 da 35 na New Hampshire. Ƙuri'a ba buhun masara ba ce da za ka ɗauke daga wannan rumbu ka zuba a wancan, ga Christie nan shi kan sa Trump ya bi, kuma da layin ya ragu zuwa mutum uku a Afrilu kason Trump hawa ya yi har ya wuce rabi. A Iowa in ka haɗa Cruz da Trump da Carson sun haura kashi 60. Biden ya samu Clyburn da jama'ar da har gobe suna ganin girman manyan su, su kuwa 'yan Republican na 2016 kayan da Gwamna ya kasa a faifai, sassauci ga baƙin haure, kasuwanci ba shinge, kare yaƙin Iraƙi, su ne ainihin abun da suka fito su ƙi saya, shi ya sa duk sanatan da ya ɗaga hannun sa kamar ƙara masa nauyi yake.

A watan Mayu 2016 Gwamna ya rubuta cewa ba zai zaɓi Trump ba kuma ba zai zaɓi Hillary Clinton ba, bai je babban taron jam'iyya na Cleveland a Yuli ba, baban sa da yayan sa ma ba su je ba. Ɗan sa kuwa, da ke riƙe da kujerar kwamishinan filaye a Texas a lokacin, ya mara wa Trump baya tun Agustan shekarar. A 2022 ya nemi tikitin babban lauyan jihar, ya nemi albarkar Trump, Trump ya ba Ken Paxton, aka je zagaye na biyu ranar 24 ga Mayu Paxton ya doke shi da kusan kashi 68 da 32.